Simpsons bayan zango na tara: akwai abin tsinta, ko a naɗe tabarma?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masu kallon shirin katun ɗin nan The Simpsons. Na gama zango na 1 zuwa na 9 karo na biyu ke nan, kuma duk wanda na tambaya amsar ɗaya ce: tsaya nan, abin da ya biyo baya ɓata lokaci ne. To amma shirin nan tun Disambar 1989 tashar Fox ke nuna shi a Amurka, ya haura kashi 750, har yau ba a daina ba. Na kasa yarda cewa cikin kashi sama da 500 da suka rage babu ko ashirin na kirki. Datata ba ta kai ta bin su ɗaya bayan ɗaya ba. Wanda ya san waɗanda suka cancanci saukewa ya taimaka, da lambar zango don Allah.

Kawu Na-Zariya: Wa alaikumus salam. Yaro, waɗanda suka ce ka tsaya sun yi maka nasiha ta gari. Ni ko na taran ma ban cika lissafa shi ba. A farkonsa ne, cikin 1997, suka ce wai hedimasta Skinner ba Skinner ba ne, sojan gona ne mai suna Armin Tamzarian. Mutumin da muka yi shekara takwas muna kallonsa da uwarsa, rana ɗaya aka ce duk ƙarya ne, sannan a ƙarshen kashin alƙali ya ce kada wanda ya sake tayar da maganar. Daga ranar na gane marubutan sun daina ganin girman mai kallo. Shekara ta zagayo Phil Hartman ya rasu, aka rasa muryar lauyan nan Lionel Hutz da Troy McClure. Me ya rage? Ka adana datarka.

Maman Hanif: Kawu, da girmanka, yaushe rabon da ka kalli kashi ɗaya sabo daga farko har ƙarshe?

Kawu Na-Zariya: Wanda mawaƙiya Lady Gaga ta zo garin nasu Springfield a jirgin ƙasa, ƙarshen zango na 23. Ban kai ƙarshe ba, na kashe na tafi na yi abin da zai amfane ni.

Maman Hanif: Ai ka ga matsalar. Ka ɗebo hatsi daga gindin rumbu inda ruwa ya taɓa, ka ce duk rumbun ya ruɓe. Wannan kashin ko masoyan shirin ba mai kare shi. Kuma 2012 fa ke nan, Kawu. Yaron da aka haifa shekarar yanzu yana sakandare.

Ɗan Fagge, fara da zango na 12, tunda yana kusa da inda ka tsaya. Akwai biyu a ciki. Na farko "Trilogy of Error". Yini ɗaya ne aka ba da labarinsa sau uku: yinin Homer uban gidan, yinin 'yarsa Lisa, yinin ɗansa Bart. Da safe Marge, matar Homer, ta datse masa babban yatsa da wuƙa bisa kuskure, suka bazama neman asibiti da yatsan a hannu. Lisa kuma tana gudu ta kai makaranta wani mutum-mutumi da ta ƙera mai gyara wa mutane nahawu. Bart da abokinsa Milhouse sun faɗa ma'ajiyar masu fasa-ƙwaurin abin tartsatsin wuta. Abin da ka gani a yinin farko ka ce wannan kuma daga ina, sai a yini na biyu ko na uku ka ga wanda ya jawo shi. Ba zare ɗaya da aka bari yana reto. Matt Selman ne ya rubuta shi, ka riƙe sunan, zan dawo kansa.

Na biyu "HOMR".

Malam Mai Alli: Hajiya bar mini wannan, nawa ne. An ɗauki hoton kan Homer aka ga fensirin kala maƙale a ƙwaƙwalwarsa, tun yana yaro ya cusa shi ta hanci. Aka cire, sai ga mutum ya yi hankali. Abu na farko da hankalin ya ba shi shi ne 'yarsa: karon farko ya zauna da Lisa suna fahimtar juna. Na biyu kuma ya raba shi da abokai, don ya rubuta rahoton gaskiya a kan ɓarnar da ke tashar nukiliyar da yake aiki, aka rufe ta, kowa ya rasa abin yi. Da kaɗaici ya ishe shi sai ya je wurin Moe mai mashaya ya mayar masa da fensirin. Kafin ya tafi ya bar wa Lisa wasiƙa, yana gaya mata shi ya zaɓi hanyar ragwaye, amma ɗan lokacin da ya yi da hankali ya nuna masa ko ita wace ce. Na koyar sama da shekara goma, na san yaran da suke ɓoye abin da suka sani don kada a ware su a aji. Kashin nan ya ci lambar yabon talabijin ta Emmy, kuma ya cancanta.

Kawu Na-Zariya: Malam, waɗannan na 2001 ne. Ragowar zafin tukunya ne bayan an janye itace. Ku kawo mini na bayan fim ɗinsu na 2007 in kun isa.

Sarkin Musu: Kafin ku ci gaba, ni fa abin da ya sa nake tsoron katun ɗin nan shi ne duba da suke yi. Sun faɗi Trump zai yi mulki shekara 16 kafin ya hau. Har hoton saukowarsa daga matakalar lantarki sun zana. Wannan ba aikin mutane kawai ba ne.

Ummi Katun: Yaya Sarki, rabin maganarka gaskiya ne. A wani kashi na Maris 2000 an nuna Lisa ta zama shugabar ƙasa, ta ce ta gaji baitulmali a bushe daga hannun Shugaba Trump. Amma a lokacin mutumin yana ta maganar neman takara a wata ƙaramar jam'iyya, jaridu na ɗauka. Barkwanci ne da labarin ranar. Shi kuwa hoton matakalar, a 2015 aka zana shi, bayan ya riga ya sauko a zahiri. Mutane ne suke liƙa masa shekarar 2000 suna turawa a WhatsApp. Wanda ya yi shekara talatin da ɗoriya yana harba kibiya kowane mako, dole wata ta sami barewa.

Sarkin Musu: Ke dai kin faɗi naki.

Shugaban Zaure: Sarki, maganar duba a buɗe mata nata zaren. A koma kan tambayar Ɗan Fagge.

Maman Hanif: Kawu ya ce bayan 2007. Bismillah. "Eternal Moonshine of the Simpson Mind", zango na 19, Disambar 2007, wata biyar bayan fim ɗin. Homer ya farka cikin ƙanƙara bai san abin da ya faru daren jiya ba, ya koma gida ba kowa. Abin da ya iya tunowa kawai Marge da kumburarren ido. Duk kashin yana yawo cikin tunaninsa yana neman ko shi ne ya dake ta. Akwai wurin da rayuwarsa ta gifta masa hoto bayan hoto, daga jariri zuwa mai sanƙo, ba magana sai kiɗa. Ba zan faɗi ƙarshen ba. Shi ma ya ci Emmy.

Amma wanda nake so kowa ya gani shi ne "Holidays of Future Passed", zango na 23. E, Kawu, zangon Lady Gaga ɗin dai. An tsallaka shekara 30 gaba. Bart ya yi aure ya rabu da matar, yana da 'ya'ya maza biyu da ba sa ɗokin ganinsa, yana haya a tsohuwar makarantarsu da aka mayar gidaje, kuma Skinner ne mai gidan hayar. Lisa ta auri Milhouse, 'yarta budurwa ba ta kallon fuskarta sai intanet. Autarsu Maggie ta zama shahararriyar mawaƙiya, ga tsohon ciki, likita ya hana ta magana, don haka a nan ma ba mu ji muryarta ba. Shi kuwa Homer, wanda bai iya zama uba ba, sai ga shi ya iya zama kaka. Akwai wurin da Bart da Lisa suka hau ɗakin nan nasu na kan bishiya da daddare, kowa yana faɗa wa ɗan'uwansa yadda tarbiyya ta gagare shi. Duk mai wa ko ƙanwa da suka girma tare ya san irin wannan hirar, wadda ba a yin ta sai yara sun yi barci.

Al Jean, wanda ya daɗe yana jagorancin shirin, ya faɗa cewa da tattaunawar albashi da masu ɗora murya ta wargaje a 2011, da wannan kashin za su rufe shirin gaba ɗaya.

Kawu Na-Zariya: To da sun rufe da shi ai da mun yi musu addu'a. Wannan na gan shi, ban ƙi shi ba. Amma ki lura da abin da kika yi: duk abin da kika kawo sai an fitar da su daga rayuwarsu ta kullum. An sa wa Homer hankali, an goge masa tunani, an tsallaka shekara talatin. A da fa? Lisa ta sami malamin wucin gadi da ya fahimce ta, ya hau jirgin ƙasa ya tafi ya bar mata 'yar takarda. Shi ke nan labarin, kuma har yau ina tuna shi. Ba dabara, ba siddabaru. Yanzu sai sun yi tsalle-tsalle kafin su taɓa zuciya.

Malam Mai Alli: Nan kam Kawu ya taɓo gaskiya, sai dai ina ganin ba laifi ba ne, dole ce. Bart shekararsa 10 tun 1989, Lisa 8, Maggie na shan roba. Labarin gida nawa za ka ba da a kan mutanen da ba sa girma? Homer ya manta ranar haihuwar wani, Marge ta yi fushi, Bart ya faɗi jarrabawa: duk an yi su a zango takwas na farko, kuma an yi su da kyau. Marubucin da ya zo a zango na 20 gona ya tarar an girbe. Ko dai ya maimaita, ko ya gayyato wani tauraro ya zo a yi ta yabonsa, ko ya canza fasalin ba da labarin. Na farko da na biyu su suka ɓata sunan shirin. Na ukun ne muke tsinta.

Ɗan Fagge: Ina rubutawa. Huɗu ke nan. Malam, akwai wanda ya shafe mu kai tsaye? Na ji an ce sun taɓa yin na Najeriya.

Na Maraɗi: Ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. "The Princess Guide", zango na 26, a 2015. Wani sarki daga Najeriya ya zo Springfield don ya ƙulla cinikin yuraniyom da Mista Burns mai tashar nukiliya, aka ba Homer tsaron 'yarsa Gimbiya Kemi, ita kuwa ta sulale ta tafi yawo da Moe. Shi Moe yana riƙe da ita a rai don wani “yariman Najeriya” ya taɓa damfararsa ta imel. To tambayata: yuraniyom ɗin wa? Mu ne muke haƙo shi a Arlit tun farkon shekarun 1970. Ɗaki cike da marubutan da ake cewa sun yi manyan jami'o'i, a rasa mai duba taswira ya ga Nijar daban Najeriya daban? Ko a katun sai an ba ku abinmu.

Ɗan Fagge: Haba maƙwabci, ai ɗan'uwa rabin jiki. Ku ba mu yuraniyom mu ba ku gimbiya.

Na Maraɗi: Ku riƙe gimbiyar. Gaskiya dai ita Kemi an yi ta da mutunci, mai karatu ce mai wayo, ba a mayar da ita abin dariya ba. Ya fi wanda suka yi a zango na 12 da suka je yawon daji a Afirka, inda nahiyar duka ta zama namun daji da juyin mulki. Amma kada ka sa shi cikin goma na farko. Ka kalla don son sani kawai.

Baƙon Jidda: In maganar wanda ya shafe mu ake yi, akwai "MyPods and Boomsticks" a zango na 20, ƙarshen 2008. Bart ya yi aboki Musulmi mai suna Bashir, iyayensa daga Jodan. 'Yan mashayar Moe suka zuga Homer cewa 'yan ta'adda ne, ya shiga leƙen asirinsu, ya ga uban da nakiya, ashe aikinsa ke nan, kamfanin rushe tsofaffin gine-gine yake wa aiki. Garin “ceton” gari Homer ya jefa nakiyar cikin kogi ya tarwatsa gada. Wawan labarin shi ne mai zargin, ba wanda ake zargi ba, kuma a Amurkar wancan lokacin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Rabin kashin da ya shafi Lisa da na'urar jin waƙa ba shi da wani armashi, kana iya gaggauta shi.

Abin dariya, tashar MBC ta taɓa fassara shirin da Larabci a 2005, suka kira shi Al-Shamshun. Homer ya koma Umar, Bart ya koma Badar, giya ta koma lemon kwalba, mashayar Moe aka share ta. Bai yi nisa ba aka daina. In ka cire wa Homer giya da naman alade da coci, me ya rage ban da sanƙo?

Ummi Katun: Na so a ce masu fassarar Hausa sun gwada. Wa zai yi muryar Mista Burns?

Sarkin Musu: Mai gidan hayarmu. Ba sai ya yi atisaye ba.

Malam Mai Alli: Tunda an ambaci masu fassara, ku nemi "Steal This Episode", zango na 25. Homer ya gaji da tsadar silima da abokan aiki masu tona masa ƙarshen fim, Bart ya koya masa saukewa ta ɓarauniyar hanya, ya kafa gidan kallo a bayan gidansa, unguwa duka na zuwa. Marge zuciyarta ta ƙi kwanciya, ta aika wa masu fim kuɗin tikiti da wasiƙar ban haƙuri, wasiƙar ce ta jawo jami'an FBI. Inda ya fi ba ni dariya ƙarshen: da aka mayar da labarinsa fim, kuɗi zai shigo aljihunsa, nan take ya zama babban mai yaƙi da satar fasaha. Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon masu tura fim a waya zai gane kowa a cikin kashin nan.

Sai ɗaya da ba na dariya ba. Marcia Wallace, mai muryar malama Edna Krabappel, ta rasu a Oktoban 2013. Ba su nemo wata ba, suka bar malamar ta rasu ita ma. A kashin da ya biyo baya, allon da Bart yake cikawa da rubutun horo layi ɗaya ne kawai a kansa, na cewa za su yi kewarta. Sai a zango na 32 suka yi "Diary Queen": Bart ya tsinci littafin sirrinta, ya karanta inda take yabon wani da take ganin zai zama wani abu, ya ɗauka shi ne, ya dage da karatu. Lisa ta gano ashe kyanwarta take nufi, ta rasa yadda za ta gaya masa. Mu malamai mun san nauyin kalma ɗaya a kunnen yaron da kowa ya yanke wa ƙauna.

Kawu Na-Zariya: Duk na ji. Amma ba wanda ya yi maganar murya da zane. Tun da suka koma zane mai ƙyalli na HD a 2009, fuskokin sun sandare. A da in Homer ya yi ihu har kansa lanƙwashewa yake. Yanzu kowa tsaf kamar an goge shi da dutsen guga. Muryar Marge kuma, Julie Kavner ta haura saba'in, in tana magana sai in ji kamar in miƙa mata ruwa. Apu mai kanti an ɓoye shi tun da Hank Azaria ya ajiye muryar a 2020. Mai muryar Milhouse ta yi ritaya a 2024. Gidan nan fenti kawai ya rage.

Maman Hanif: Maganar murya ban musa ba. Kwana biyun farko tana damun kunne, daga baya ka saba, kamar muryar gwaggonka da ka daɗe ba ka ji ba. Amma bari in amsa waccan maganar taka ta ɗazu, cewa sai sun yi siddabaru. Na ce a riƙe sunan Matt Selman. Tun da ragamar ta fi komawa hannunsa, wajen zango na 33, shirin ya sake numfashi. Je ka kalli "Pixelated and Afraid", Fabrairun 2022. Yaran sun ga iyayensu sun zama kamar tsofaffin kujeru biyu a falo, suka lallaɓa su tafiya wurin hutun ma'aurata. Mota ta zame a kan ƙanƙara cikin daji, kayan jikinsu suka jiƙe, garin shanyawa a bakin wuta suka ƙone. Daga nan har ƙarshe su biyu ne kawai. Ba tauraron baƙo, ba labari na biyu a gefe, ba Springfield. Suna haɗa bukka, suna kamun kifi, wata muguwar dabba irin dage ta far musu, Homer ya tsaya a gaban matarsa. Wurare da yawa ba a ko magana. Shekaru mutane na tambaya me Marge ta gani a jikin wannan mutumin take zaune da shi. Kashin nan ne ya amsa, kuma bai amsa da baki ba.

Sai wanda ya kayar da ni. "A Mid-Childhood Night's Dream", zango na 35, Oktoban 2023. Marge ba ta da lafiya, tana kwance tana mafarkai, duk a kan cewa Bart ya kusa gama firamare, yarintarsa na zamewa daga hannunta. Carolyn Omine ce ta rubuta. Ranar da na kalle shi, da safen na kai Hanif makaranta. Mun iso bakin get na kama hannunsa za mu tsallaka titi kamar kullum, sai ya zare a hankali, ya gyara jakarsa, ya ce “Mama ki tsaya nan, abokaina na kallo.” Ya shige bai waiwayo ba. Da daddare ina wanke-wanke na jingina waya a jikin gwangwanin madara na kunna, don in yi dariya. Ruwan kumfa na hannuna, na rasa da me zan share ido. Baban Hanif ya leƙo ya ce wa ya rasu, na ce ba kowa, katun nake kallo.

Don haka Kawu, wataƙila ba shirin kaɗai ya canza ba. Lokacin da na fara kallo ni Lisa ce. Yanzu Marge ce ni.

Kawu Na-Zariya: Allah ya raya Hanif. Ni kuwa yanzu Grampa, kakan gidan, ne ni, shi ya sa nake ta mita.

Malam Mai Alli: To Kawu in Grampa ne kai, "Barthood" naka ne. Zango na 27. Ana bin Bart daga ɗan shekara shida har ya zama magidanci, kullum a inuwar Lisa, uban ba ya ganinsa, kakan ne kaɗai ya ɗauke shi mutum. A zangon dai akwai "Halloween of Horror", ita ma Carolyn Omine, inda tsoro ya kama Lisa ta koma rungumar tsohuwar jelar wasanta ta yarinta, Homer kuma ya daina yi mata ƙaryar cewa ba komai, ya yarda shi ma tsoron yake ji.

Ummi Katun: Ku duk na kuka kuke kawowa. Yaya Ɗan Fagge, in nishaɗi kake so: "Brick Like Me" a zango na 25, kashi na 550, an gina garin duka da Lego. "A Serious Flanders", kashi biyu a zango na 33, an yi shi kamar doguwar dirama ta masu laifi, ana kashe mutanen garin da gaske don ba ya cikin lissafin labarin yau da kullum. Sannan "Treehouse of Horror XXXIII" na zango na 34, wanda tsakiyarsa aka zana shi da salon katun ɗin Japan, wani kamfanin Koriya ta Kudu ya yi zanen. Ka ga Homer da Marge da siffar mutanen gaske, sai ka dafe kai. Ya ci Emmy shi ma. Amma akwai jini, kada a kalla da ƙanne.

Baƙon Jidda: Wannan gargaɗin a faɗaɗa shi. Shirin duka ba na yara ba ne, tsoho da sabo. Iyaye na ganin zane sai su miƙa wa yaro waya. Akwai giya, akwai zancen manya, akwai raha da addini.

Maman Hanif: Gaskiya ne. Hanif bai taɓa gani ba, sai ya yi gemu.

Na Maraɗi: Akwai wanda aka yi don Kawu shi kaɗai. Farkon zango na 36, Satumbar 2024, "Bart's Birthday". Suka sanar a cikin kashin cewa wannan ne na ƙarshe, Conan O'Brien ya fito yana gabatarwa, shi da ya rubuta na jirgin dogo mai layi ɗaya a 1993. Wai an ba na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ta rubuta ƙarshen, ita kuwa ta tattaro duk wani ƙarshe mai daɗi da aka saba: wannan ya rufe shago, wancan ya bar gari, Homer ya shiryu. Bart ne kaɗai ya ga abin ba daidai ba, ya ƙi cika shekara 11. Har Skinner na ainihi, wanda aka kora daga gari a 1997, sun dawo da shi. Sun san abin da kuke faɗa a kansu, Kawu, da ku suke wasa.

Kawu Na-Zariya: Sun dawo da Skinner na ainihin? Bayan alƙali ya hana?

Na Maraɗi: Da ransa.

Kawu Na-Zariya: Marasa kunya. To su rufe mana da gaske.

Ummi Katun: Ba yanzu ba. A Afrilun 2025 Fox ta ƙara musu zango huɗu, har na 40.

Ɗan Fagge: Na ƙirga sha shida, ban da gimbiya. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan fara da na yatsan Homer yau da daddare in an kawo wuta. Anti Maman Hanif, na dajin nan zango nawa kika ce?

Maman Hanif: 33. Amma kada ka fara da shi, ka bari sai ka ga na zango na 19 da na 23.

Sarkin Musu: Ni har yanzu ba wanda ya yi mini bayanin yadda suka san Disney za ta sayi Fox.

Shugaban Zaure: Sarki.

Kawu Na-Zariya: Maman Hanif, na dajin minti nawa ne?

Maman Hanif: Ashirin da 'yan kai, kamar kowanne.

Kawu Na-Zariya: Turo mini sunan ta akwatin saƙo, da yadda ake rubuta shi. Jikata ce za ta nemo mini, ni idona ba ya ganin ƙananan haruffan nan.